Power BI, Tableau, Looker, Qlik ko Metabase: Wace Manhajar Nazarin Bayanai Ce Ta Dace da Kamfani?

A kamfanoni da yawa, taron ƙarshen wata yakan fara ne da gardama a kan lissafi tun kafin a kai ga maganar abin da za a yi gaba. Shugaban sashen tallace-tallace zai zo da adadinsa na cinikin watan, akanta ya zo da nasa wanda bai kai na farko ba, mai kula da sito kuma ya ce kayan da suka fita daga hannunsa ba su yi daidai da ko ɗaya daga cikin biyun ba. Babu maƙaryaci a cikinsu. Na farko yana ƙirga ciniki ne tun ranar da aka rubuta takardar kaya, na biyu yana jira sai kuɗi sun shiga asusu, na uku kuma yana ƙirga abin da aka loda a mota ba tare da ya cire wanda aka dawo da shi ba. Domin magance irin wannan ruɗani ne aka ƙirƙiro manhajojin nazarin bayanan kasuwanci, waɗanda ake taƙaita sunansu da BI. Aikinsu shi ne su ɗebo bayanai daga wurare daban-daban, kamar manhajar akanta da takardun Excel da rumbun bayanan shagon intanet, su haɗa su wuri guda, sannan su nuna su a allo cikin zane da jadawali yadda mai yanke shawara zai gane halin da ake ciki ba tare da ya jira wani ya yi masa lissafi ba.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, kyawun zane bai kamata ya zama ma'aunin zaɓi ba, domin duk manhajojin da za a ambata a nan suna iya fitar da allo mai ban sha'awa a ranar da dillalinsu ya zo gwadawa. Abin da ya bambanta su da gaske shi ne inda kowacce ke ajiye ma'anar lambobi, wato wurin da ake rubuta cewa "ciniki" yana nufin kaza, a kuma hana kowa ya sauya ma'anar yadda ya ga dama. Bayan wannan sai tambayar inda bayanan kamfanin suke zaune a yau, da wanda zai gina rahotannin, da yawan mutanen da za su riƙa dubawa, domin a kan masu dubawar ne yawancin kuɗin ke tafiya. Don kwatancen ya tsaya a kan abu guda, mu ƙaddara wani matsakaicin kamfani ne mai rarraba kayan masarufi, wanda ke da sito a garuruwa uku ko huɗu, da ma'aikata biyar da za su riƙa gina rahoto, da kuma manajoji da wakilai sittin da za su riƙa karantawa kawai.

Power BI na kamfanin Microsoft, wanda ya fito ga jama'a a watan Yulin 2015, shi ne wanda irin wannan kamfani zai fara cin karo da shi, kuma akwai dalili. Manhajar gina rahoton da ake sawa a kwamfuta, Power BI Desktop, kyauta ce, kuma duk wanda ya saba da Excel zai ga abubuwan da ya sani a cikinta, musamman Power Query, wanda ke tsabtace bayanai ya kuma riƙe matakan tsabtacewar a jere domin a maimaita su kowane wata ba tare da an sake yin aikin da hannu ba. Wannan abu ɗaya kaɗai yana iya rage wa ma'aikacin akanta kwanaki na kwafe-kwafe. A kamfanin da kowane sito ke turo nasa jadawalin da tsari daban, wani ya rubuta kwanan wata da rana a gaba, wani da wata a gaba, wani ya rubuta sunan abokin ciniki ɗaya ta hanyoyi uku, Power Query ne ke daidaita su kafin a fara kowane lissafi.

Ƙarfin Power BI na gaskiya yana cikin abin da ake kira tsarin bayanai, inda ake haɗa jadawalin ciniki da jadawalin kaya da na abokan ciniki da na kwanaki, sannan a rubuta ma'aunai, wato ƙa'idojin lissafa kowane adadi, da DAX, harshen lissafi na Power BI. Idan aka rubuta ma'aunin ciniki sau ɗaya, aka fayyace cewa ana cire kayan da aka dawo da su da rangwamen da aka yi, to duk rahoton da aka gina a kan wannan tsari zai ba da adadi ɗaya. Sai dai a nan ne kuma wahalarsa take. DAX yana kama da ƙa'idojin lissafin Excel a ido, wannan kamanni kuwa yana ruɗar masu koyo, domin sakamakon ma'auni yana canzawa gwargwadon tacewar da ke aiki a daidai wurin da aka sa shi, kuma mutum yana iya shafe watanni yana samun jimillar da ba ta yi daidai da layukan da ke samanta ba kafin ya fahimci dalili. Haka kuma, saboda sauƙin farawa, kowane ma'aikaci yana iya gina nasa tsarin daban, sai a wayi gari kamfani yana da tsare-tsare ashirin da ma'anoni ashirin na ciniki, wato an koma gidan jiya, an dai sauya wa gardamar riga. Manhajar tana ba da damar a gina tsari guda a amince da shi a raba wa kowa, amma ba ta tilasta hakan, shugabanci ne zai tilasta.

Game da kuɗi, daga ranar 1 ga Afrilun 2025 lasisin Pro, wanda ake buƙata domin raba rahoto da wasu, ya tashi daga dala 10 zuwa dala 14 ga kowane mutum a wata, lasisin da ya fi shi girma kuma, Premium Per User, ya tashi daga dala 20 zuwa dala 24. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi sai bayan sun gama gina rahoto shi ne, mai karantawa ma yana buƙatar lasisin Pro kamar mai ginawa. Ga kamfaninmu na misali, mutum 65 a kan dala 14 ya kama dala 910 a wata, wato dala 10,920 a shekara. Ana iya kauce wa biya wa kowane mai karatu idan aka sayi babban ƙarfin aiki na kamfani gaba ɗaya a Microsoft Fabric, dandalin bayanai na Microsoft, daga matakin da ake kira F64 zuwa sama, amma wannan dubban daloli ne a wata, don haka ba ya yin riba sai masu karantawa sun kai ɗaruruwa. Kamfanin da ya riga ya mallaki lasisin Microsoft 365 E5 kuwa yana da Pro a ciki, kuma ya kamata a bincika wannan kafin a biya kuɗi sau biyu. Lasisin Pro yana da iyaka: girman tsarin bayanai ba zai wuce gigabayit 1 ba, kuma ba a sabunta shi kai-tsaye fiye da sau 8 a rana, yayin da lasisin Premium Per User ke ba da sau 48. Ga mai rarraba kaya wannan ya wadatar, domin manhajar tana matse bayanai ƙwarai, layukan ciniki miliyoyi suna iya shiga cikin wannan iyaka idan an tsara su da kyau. Wani cikas kuma shi ne Power BI Desktop a kan Windows kawai yake aiki.

Tableau labarinsa daban ne, kuma asalinsa yana bayyana halinsa. An kafa kamfanin a 2003 daga wani binciken da aka yi a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda Chris Stolte da Pat Hanrahan suka yi aiki a kan hanyar da jan abu da ajiye shi a allo zai zama tambaya ga rumbun bayanai, sannan suka haɗu da Christian Chabot suka mayar da shi kasuwanci. Kamfanin Salesforce ya saye shi a 2019 a kan kimanin dala biliyan 15.7. Har yau babu wanda ya kai shi wajen ba mai nazari 'yancin bin tambaya har inda ta kai shi. Mai nazari zai ja ciniki ya ɗora a kan watanni, ya ga wani wata ya faɗi, ya raba shi bisa garuruwa, ya ga gari ɗaya ne ya ja ƙasa, ya sake raba garin bisa nau'in kaya, duk cikin mintuna kaɗan ba tare da tunaninsa ya katse ba. Taswirorinsa ma suna da kyau, kuma yana aiki a kan Windows da Mac.

Tambayar da ya kamata kamfani ya yi wa kansa da gaskiya ita ce ko yana da irin wannan mai nazari. Idan abin da ake buƙata shi ne rahoton ciniki da bashi da kayan sito wanda tsarinsa ba ya canzawa daga wata zuwa wata, to an sayi ingarman doki ne don kai saƙo maƙwabta. Farashinsa a ƙaramin bugun da ke kan intanet shi ne dala 75 a wata ga mai ginawa, dala 42 ga mai bincike a cikin abin da aka gina, da dala 15 ga mai kallo, kuma ana biya ne na shekara guda gaba ɗaya. Ga kamfaninmu, masu ginawa biyar sun kama dala 375, masu kallo sittin sun kama dala 900, jimilla dala 1,275 a wata, wato dala 15,300 a shekara. Tazarar da ke tsakaninsa da Power BI ba ta kai yadda ake yawan zuzutawa ba a wannan girma, domin kuɗin mai kallo kusan ɗaya ne, amma tana buɗewa da sauri da zarar an ƙara masu ginawa ko aka koma bugun manyan kamfanoni. A ɓangaren ajiye ma'anar lambobi, Tableau ya daɗe yana barin kowane mai nazari ya rubuta lissafinsa a cikin littafin aikinsa, kuma ko da yake ana iya wallafa tushen bayanai guda a tabbatar da shi domin kowa ya yi amfani da shi, al'adar masu amfani da shi ta fi karkata ga 'yancin mutum ɗaya. Wajibi ne kuma a ja kunne a kan Tableau Public: kyauta ne, yana da amfani ƙwarai wajen koyo, amma abin da aka wallafa a dandalinsa na jama'a ne, don haka ba wurin ajiye bayanan kamfani ba ne. Irin wannan haɗari yana nan a Power BI ma, inda zaɓin wallafa rahoto a buɗaɗɗen shafin intanet ke ba duk mai adireshin damar gani ba tare da kalmar sirri ba, kuma ya kamata mai kula da manhajar ya rufe wannan ƙofa tun ranar farko.

Sunan Looker yana jawo ruɗani, domin abubuwa biyu ne mabambanta aka sa wa wannan suna. Looker na asali an kafa shi a 2012 a jihar Kalifoniya, Google ya sanar da sayensa a 2019 a kan dala biliyan 2.6, aka kammala cinikin a farkon 2020. Ɗayan kuma shi ne tsohon Google Data Studio, wanda aka sauya wa suna zuwa Looker Studio a 2022. Na farko babban kayan aiki ne mai tsada, na biyu ƙarami ne kuma asalin bugunsa kyauta ne, don haka duk wanda aka ce masa "Looker kyauta ne" ya tambaya wanne ake nufi.

Looker na asali shi ne ya ɗauki matsalar taron ƙarshen wata da muhimmanci fiye da kowa. A cikinsa ba a fara zane sai an rubuta ma'anar kowane adadi da wani harshe mai suna LookML, ana ajiye rubutun kamar yadda masu rubuta manhaja ke ajiye nasu, kowane canji yana da tarihi da sunan wanda ya yi shi, kuma wani yana iya dubawa kafin a amince. Manaja da ke bincike a allo ba ya ƙirƙirar ma'ana, yana zaɓa ne daga waɗanda aka riga aka amince da su. A ganina wannan ita ce hanya mafi inganci a tunani. Amma tana da sharuɗɗa masu nauyi. Looker ba ya kwafo bayanai ya ajiye a cikinsa, yana aika tambaya ne kai-tsaye ga babbar ma'ajiyar bayanai irin su BigQuery ko Snowflake, saboda haka dole a fara gina wannan ma'ajiya, a kuma ɗauki injiniyan da zai riƙa zuba bayanai a ciki yana kula da LookML. Su kuma waɗannan ma'ajiyoyi suna cajin kuɗi ne gwargwadon aikin da aka sa su, don haka allon da aka gina ba da kyau ba, wanda mutum sittin ke buɗewa kowace safiya, yana iya jawo kuɗin da ba a sa a kasafi ba. Farashin Looker kansa ta hanyar tattaunawa da dillali ake saninsa. Ga kamfanin da bayanansa ke warwatse a takardun Excel, farawa da Looker tamkar ɗora rufi ne kafin a haƙa tushe.

Looker Studio kuwa a cikin burauza yake aiki, kuma ya ƙware a abu guda: nuna bayanan da suke cikin kayan Google, irin su Google Sheets da Google Analytics da tallan Google da BigQuery. Sashen talla da ke son ganin yawan masu ziyartar shafi da kuɗin da aka kashe a talla zai gama aikinsa da shi cikin yini guda. Idan aka nemi ya haɗa ciniki da sito da bashi, sai rauninsa ya fito, domin haɗa tushe daban-daban a cikinsa yana da iyaka, ba a wuce jadawali biyar a haɗi ɗaya, kuma ba shi da tsarin ma'aunai mai zurfi. Ya dace ya zama ƙarin kayan aiki, bai dace ya zama ginshiƙi ba.

Qlik ya girme su duka, domin an kafa shi a garin Lund na ƙasar Suwidin a 1993, ya shahara da QlikView, sannan ya fitar da Qlik Sense a 2014. Abin da ya keɓanta da shi shi ne yadda yake nuna alaƙar bayanai. Idan aka zaɓi wani gari, abin da aka zaɓa zai zama kore, abin da ke da alaƙa da shi ya zama fari, wanda ba shi da alaƙa kuma ba ya ɓacewa, toka-toka yake komawa. Wannan launin toka yana da daraja ga mai rarraba kaya fiye da yadda ake zato, domin shi ne ke nuna kayan da ba a taɓa sayarwa a wannan gari ba, ko abokan cinikin da ba su sayi komai ba a wannan wata, tambayar da sauran manhajoji ba sa amsawa sai an san a yi ta. Kamfanin ya kuma sayi Talend a 2023 domin ƙarfafa ɓangaren haɗa bayanai. Abin da zai sa matsakaicin kamfani ya yi hattara shi ne samun ma'aikaci, domin masu koyon nazarin bayanai a yau sun fi karkata ga Power BI da Tableau, kuma manhajar da mutum ɗaya kaɗai ya iya a kamfani tana tsayawa ranar da ya ajiye aiki.

Akwai kuma wata hanya da dillalai ba za su ambata ba saboda babu kamasho a cikinta, wato buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda ake iya saukewa a ɗora a kan sabar kamfani, wato babbar kwamfutar da sauran ke haɗuwa da ita, ba tare da biyan lasisi ba. Biyu ne suka fi fice. Metabase ita ce mafi sauƙi: mai fasaha ɗaya yana iya tayar da ita cikin sa'o'i kaɗan, ya haɗa ta da rumbun bayanai irin PostgreSQL ko MySQL, daga nan ko manajan da bai san SQL ba, wato harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, zai iya gina tambaya ta hanyar zaɓe daga jeri, ya ce a nuna masa ciniki bisa mako a sito kaza. Ga kamfanin da ke da manhajarsa ta ciniki wadda bayananta ke zaune a rumbu guda, da wuya a sami hanya mafi sauri da arha, kuma ƙara mai karatu na sittin da ɗaya ba ya ƙara ko sisi. Iyakarta ita ce ba ta ƙware wajen haɗa bayanai daga rumbuna daban-daban ko tsabtace takardun Excel masu datti ba, sannan tace layuka bisa mai kallo, wato manajan kowane sito ya ga bayanan sitonsa kaɗai a cikin rahoto guda, yana cikin bugun da ake biya. Apache Superset, wanda Maxime Beauchemin ya fara a kamfanin Airbnb a 2015 kuma ya zama cikakken aikin gidauniyar Apache a 2021, ya fi yawan nau'o'in zane, yana kuma ba da wannan tacewa kyauta, amma girka shi da kula da shi sun fi buƙatar ƙwarewa, kuma ya fi jin daɗin hannun wanda ya iya SQL. Kada dai a ɗauki rashin kuɗin lasisi a matsayin rashin kuɗi. Akwai kuɗin sabar, akwai albashin wanda zai riƙa sabunta manhajar yana toshe ɓarakar tsaro yana ajiye kwafin ko-ta-kwana, kuma idan ta tsaya da daddare babu wani kamfani da za a kira.

Ga kamfanin da ke samun kuɗinsa da naira, wannan batu na lasisi yana da wani nauyi na daban, domin farashin manyan manhajojin an ɗaure shi ne da dala. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki farashin canji a watan Yunin 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460, a cikin 2024 kuma ta haura naira 1,500, ma'ana kuɗin lasisi ya ninka fiye da sau uku a aljihun kamfani ko da dillali bai ƙara komai ba. Saboda haka lissafin da ya dace shi ne na shekara uku, a sa yawan masu karatu da ake sa ran za a kai, a kuma gwada shi da farashin canji mafi muni da ake iya hasashe. Akwai kuma batun doka. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa, kuma sunayen abokan ciniki da lambobin wayarsu da albashin ma'aikata duk bayanan mutane ne. Manyan cibiyoyin girgije, wato wuraren ajiye bayanai ta intanet, na Microsoft da Amazon da Google mafi shahara a nahiyar Afirka suna ƙasar Afirka ta Kudu ne, don haka dole a tambayi dillali a rubuce inda za a ajiye bayanan. Sau da yawa mafita mai sauƙi ita ce kada a tura sunaye da lambobin waya zuwa manhajar nazari tun farko, domin rahoton ciniki ba ya buƙatarsu, lambar abokin ciniki ta isa. Wanda ke son komai ya zauna a harabarsa yana da zaɓi a Tableau Server, da Power BI Report Server wanda ke da ƙarancin fasali idan aka kwatanta da na intanet, da kuma buɗaɗɗun manhajojin nan biyu.

Wutar lantarki da intanet ma suna shiga lissafi, ko da yake ba a rubuta su a takardar farashi. Idan manhajar akanta tana kan kwamfuta a ofis, Power BI yana buƙatar wata 'yar manhaja mai zama gada tsakanin ofis da intanet, kuma kwamfutar da ke ɗauke da ita dole ta kasance a kunne a lokacin sabuntawa. Idan aka sa sabuntawa ƙarfe biyar na asuba alhali ana kashe janareto da yamma, manajoji za su buɗe allo su ga lambobin shekaranjiya, bayan mako biyu kuma su daina buɗewa. Haka nan, gina rahoto a Power BI Desktop ko Tableau Desktop yana yiwuwa ko intanet ta yanke matuƙar an riga an kwafo bayanan, yayin da Looker da Looker Studio ba sa motsi sai da ita.

Kowane dillali yanzu yana tallata fasahar ƙirƙirarriyar basira, Microsoft da Copilot, Google da Gemini, Salesforce da nasa, ana cewa manaja zai rubuta tambaya da harshe na yau da kullum ya sami amsa. Abin yana aiki gwargwado, amma amsar tana dogara ne kacokan a kan tsarin bayanan da ke ƙasa, kuma idan akwai ma'anoni uku na ciniki, na'urar za ta ɗauki ɗaya ta ba da shi cikin cikakken yaƙini. Bai kamata wannan fasali ya ja ragamar zaɓi ba, kuma a tambayi ko yana cikin lasisin da ake shirin saya ko sai an ƙara kuɗi.

Ga kamfaninmu na misali, wanda bayanansa ke rabe tsakanin Excel da manhajar akanta, kuma ma'aikatansa sun fi sanin Excel, zan zaɓi Power BI, da sharaɗin a naɗa mutum ɗaya ya mallaki tsarin bayanai guda, a kuma hana gina rahoton hukuma a kan wani tsari daban. Da bayanan suna zaune a rumbu guda na manhajar da kamfanin ya gina wa kansa, kuma akwai mai fasaha amintacce da ba ya shirin tafiya, da Metabase zan fara da ita, in ajiye dalolin. Tableau ya cancanci kuɗinsa ne a inda ake da masu nazari na gaske waɗanda aikinsu kullum shi ne tono sababbin tambayoyi, kamar a banki ko kamfanin sadarwa, ko kuma inda aka riga aka dogara da Salesforce. Looker sai an girma an gina babbar ma'ajiya, Qlik kuma sai an tabbatar akwai aƙalla mutum biyu da suka iya shi.

Kafin a sa hannu a kowace yarjejeniya, a ware makonni uku ko huɗu a gwada biyu daga cikinsu, kuma da bayanan kamfanin na gaskiya tare da dattinsu, domin bayanan da dillali ke zuwa da su an riga an wanke su. A zaɓi tambayoyi uku da shugabanni suka saba yi, misali wane abokin ciniki ne bashinsa ya wuce kwana sittin, wane kaya ne ya zauna a sito fiye da wata uku, kuma nawa ne ribar kowace mota bayan an cire mai da gyara. Ma'aikatan kamfanin ne za su gina amsar da hannunsu, dillali ya tsaya a gefe yana taimakawa idan an tambaye shi, a kuma rubuta awannin da kowace tambaya ta ci. Daga nan a kai sakamakon wurin akanta ya daidaita shi da littafinsa har zuwa kobo, sannan a miƙa wayar hannu ga manajan sito mafi nisa, wanda sabis ɗin garinsa ya fi rauni, a ga ko rahoton zai buɗe masa kuma ko zai gane abin da yake gani ba tare da an yi masa bayani ba.